Chicago: Shirin tafiya da zirga-zirga a birnin bakin tafki

A ranar 7 ga watan Disambar 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wakilan ƙasashe 52 suka sanya hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Chicago na ƙasar Amurka, wadda har yau ita ce ginshiƙin dokokin zirga-zirgar jiragen sama tsakanin ƙasa da ƙasa.

Daga wannan yarjejeniya ce aka samar da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, watau ICAO. Ke nan duk jirgin da ya tashi daga Kano ko Yamai ya ratsa sararin samaniyar wata ƙasa, yana bin ƙa'idojin da aka aza harsashinsu a wannan birni.

To amma ga matafiyin da ya nufi Chicagon kansa, abin da ya fi ba shi wahala galibi ba doguwar tafiyar cikin jirgi ba ce. Wahalar tana cikin shawarar da ya yanke makonni kafin ya tashi, da kuma awoyi uku ko huɗu na farko bayan saukarsa. Idan ya tsallake waɗannan, birnin yana cikin manyan biranen duniya da suka fi sauƙin ganewa.

Chicago, wanda mazaunansa ke furtawa Shikago, shi ne birni na uku mafi yawan jama'a a Amurka bayan New York da Los Angeles. Ƙidayar 2020 ta nuna yana da mutane kimanin miliyan 2 da dubu 700. Yana jihar Illinois, a gaɓar kudu maso yammacin Tafkin Michigan, tafkin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 58,000, watau ya ɗara ƙasar Togo. Wanda ya tsaya a bakinsa ba ya hango ɗaya gaɓar.

Biza kafin tikiti

Matakin farko shi ne izinin shiga, kuma a nan al'amura sun yi tsauri ƙwarai ga 'yan ƙasashen Afirka da dama.

A watan Yunin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan wata doka da ta hana 'yan ƙasashe 12 shiga Amurka, ciki har da Chadi da Sudan. A watan Yulin shekarar, aka mayar da akasarin bizar ziyara da ake bai wa 'yan Najeriya ta zama ta shiga sau ɗaya, mai wa'adin watanni uku.

Daga nan kuma a watan Disambar 2025 aka faɗaɗa jerin. Nijar ta shiga sahun ƙasashen da aka hana baki ɗaya, ita kuwa Najeriya aka sa ta cikin waɗanda aka dakatar wa wasu nau'o'in biza, ciki har da ta ziyara da ta karatu, daga ranar 1 ga watan Janairun 2026. Dokar ta keɓe masu takardar zama ta dindindin, da waɗanda suka riga suka mallaki biza mai aiki, da masu tafiya da fasfon wata ƙasa da ba ta cikin jerin.

Ganin yadda ƙa'idojin suka sauya har sau uku cikin watanni bakwai, sayen tikiti kafin a ga biza a cikin fasfo kasada ce da kuɗi masu yawa.

Ya kamata kuma a san cewa wa'adin da ke jikin biza ba shi ne tsawon zaman da aka yarje wa mutum ba. Jami'in shige da fice da ya karɓi matafiyi a filin jirgi shi ke yanke ranar da dole ya fita, kuma wuce wannan rana na iya jawo soke bizar.

Ta ina ake bi

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya ko Nijar zuwa Chicago, don haka ba makawa sai an yada zango.

Hanyoyin sun kasu uku. Akwai ta Turai, irin su Landan da Frankfurt da Paris, inda zango na biyu kan ɗauki awoyi takwas zuwa tara da rabi. Akwai ta gabas, watau Istanbul ko Doha ko Dubai ko Addis Ababa, wadda ta fi tsawo: daga Doha kaɗai jirgi kan shafe awoyi 14 ko fiye a sama. Sannan akwai ta shiga Amurka ta wani birni, alal misali daga Legas zuwa Atlanta, kana a hau jirgin cikin gida na kimanin awoyi biyu.

Kamfanin Ethiopian Airlines ya fara zuwa Chicago a 2018. Jirginsa kan tsaya a Turai domin shan mai a hanyar zuwa, saboda Addis Ababa tana kan tudu mai tsawon fiye da mita 2,300, inda rashin kaurin iska ke hana jirgi tashi da cikakken nauyi.

Ta kowace hanya aka bi, tafiyar daga gida zuwa masauki ba ta cika gaza awoyi 20 ba.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, kuma a harkar tikiti an fi ganin haka wajen masu sayen tikiti biyu daban-daban domin rage kuɗi. Idan tafiyar duka tana kan tikiti ɗaya, jirgin farko ya makara, nauyin kamfani ne ya sama wa fasinja wani jirgin. Idan kuwa tikiti biyu ne, kamfani na biyu zai ɗauka fasinja ne bai zo ba, kuma yakan soke har da tikitin dawowa.

Wani tarkon kuma shi ne tikitin da ke da zango biyu a cikin ƙasashen Turai masu biza ɗaya ta Schengen, kamar a sauka Paris a wuce Frankfurt. Jirgin da ke tsakanin biranen biyu tamkar na cikin gida ne, don haka sai da bizar shiga Turai, ko da mutum yana riƙe da ta Amurka.

Dokar Amurka ta bai wa wanda ya sayi tikiti kai tsaye daga kamfani, aƙalla mako guda kafin tafiya, damar fasawa cikin awoyi 24 ba tare da asara ba, ko kuma a riƙe masa kujera na tsawon wannan lokaci kafin ya biya.

Filayen jirgi biyu

Chicago na da manyan filayen jirgin sama biyu, kuma rashin bambance su ya sa mutane da dama sun rasa jirgi.

Babban shi ne O'Hare, mai tazarar kimanin kilomita 27 arewa maso yamma da tsakiyar birni. Yana da titunan sauka da tashi guda takwas, kuma fasinjoji kimanin miliyan 80 ne suka bi ta cikinsa a 2024. An sa masa sunan Edward O'Hare, wani matuƙin jirgin yaƙin sojan ruwa, a 1949, amma alamarsa a jikin tikiti ita ce ORD, wadda ta samo asali daga tsohon sunan wurin, Orchard. Nan ne cibiyar kamfanonin United da American, kuma nan duk jiragen da ke zuwa daga Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka ke sauka.

Na biyun shi ne Midway, mai alamar MDW, a kudu maso yamma. An buɗe shi a 1927, kuma ya taɓa zama filin da ya fi kowanne hada-hada a duniya, kafin zuwan manyan jirage masu buƙatar dogon titi ya sa harka ta koma O'Hare a farkon shekarun 1960. Ƙarami ne, gidaje sun kewaye shi ta ko'ina, kuma kamfanin Southwest ne ya mamaye shi. Ya fi kusa da gari, ya kuma fi saurin fita.

Babu jirgin ƙasa da ya haɗa filayen biyu kai tsaye. Wanda ya sauka a O'Hare alhali jirginsa na gaba daga Midway zai tashi, dole ya shiga tsakiyar birni ya sauya layi, abin da kan cinye awa ɗaya da rabi, ban da lokacin bincike.

Awoyin farko

Zaurukan fasinjoji a O'Hare huɗu ne, amma lambobinsu 1 da 2 da 3 da 5. Babu na 4. Wanda ya zo daga ƙetare a zaure na 5 zai sauka, inda allunan ke cewa Terminal 5.

Tsarin Amurka ya sha bamban da na Dubai ko Istanbul, inda mai wucewa ba ruwansa da jami'an ƙasar. A Amurka, a filin da mutum ya fara sauka ne ake tantance shi. Zai bi layin shige da fice, ya ɗauki jakunkunansa da hannunsa, ya wuce kwastam, sannan ya sake miƙa su idan yana da jirgi a gaba, ya kuma sake bin layin binciken tsaro.

Wanda ya shigo ta Atlanta ko Washington, a can zai yi wannan duka, ya iso Chicago a matsayin fasinjan cikin gida. Wanda kuma ya biyo ta Abu Dhabi ko Dublin, jami'an Amurka da ke zaune a waɗancan filaye ne ke tantance shi tun kafin ya hau jirgi.

Saboda haka ratar awa ɗaya da rabi tsakanin jirage biyu, wadda ta isa a wasu ƙasashe, a nan ganganci ce. Awoyi uku sun fi zama daidai.

A wurin kwastam, tsarabar da ta fi jefa 'yan Afirka ta Yamma cikin matsala ita ce nama. Kilishi da dambun nama da soyayyen nama duk ba a yarda a shiga da su ba, saboda tsoron cututtukan dabbobi, haka ma ɗanyun 'ya'yan itace da irin shuka. Wanda ya bayyana abin da yake ɗauke da shi, iyakarta a karɓe abin da aka haramta. Wanda ya ɓoye, karnukan da aka horar suka shinshino, tara ce za ta biyo baya. Kazalika dole a bayyana tsabar kuɗin da suka haura dala 10,000, ko da yake ɗaukarsu ba laifi ba ne.

Wani ƙaramin jirgin ƙasa marar direba yana zagaya zaurukan huɗu kyauta, yana kuma kaiwa cibiyar hayar motoci da tashar bas.

Hunturu da bazara

Ba a shirya tafiya Chicago ba tare da duba kalanda ba.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, ma'aunin zafi kan kwana ƙasa da sifili, ga iska mai ratsa ƙashi da ke kaɗowa tsakanin dogayen gine-gine. Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a birnin shi ne na ranar 20 ga watan Janairun 1985, lokacin da ya kai digiri 33 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. A ƙarshen watan Janairun 2019 ya kusa kai 31, aka soke tashin jirage fiye da dubu a rana guda, ma'aikatan jirgin ƙasa kuma suka riƙa kunna wuta a mahaɗar dogo domin kada ƙarfen ya daskare.

A watan Fabrairun 2011 dusar ƙanƙara mai zurfin fiye da rabin mita ta rufe babban titin bakin tafki, ɗaruruwan motoci suka maƙale, wasu mutane suka shafe awoyi a cikinsu. Batun dusar ƙanƙara a Chicago har siyasa ya taɓa shiga: gazawar hukumomi wajen share tituna a hunturun 1979 na cikin dalilan da suka sa magajin gari Michael Bilandic ya sha kaye a zaɓen fitar da gwani.

Rigar sanyin da ke maganin hunturun Kano ko Jos ba ta isa a nan. Kuma kuskure ne a kulle babbar rigar a cikin jakar da aka miƙa wa kamfani, domin idan jakar ta makara a Doha ko Landan, mai ita zai fito cikin ƙanƙara da kaftani.

Bazara ma tana da nata. Zafin watan Yulin 1995 ya hallaka mutane fiye da 700 cikin 'yan kwanaki, akasarinsu tsofaffi da ke zaune su kaɗai. Hadarin yamma mai tsawa kuma, daga Yuni zuwa Agusta, yakan tsayar da jirage kamar yadda ƙanƙara ke yi. Shi ya sa jirgin safe ya fi na yamma tabbas a kowane lokaci na shekara, domin jinkiri taruwa yake yi yayin da rana ke tafiya.

Idan yanayi ne ya sa aka soke jirgi, doka ba ta tilasta wa kamfani ya biya kuɗin otal ko abinci ba. Abin da ta tanada shi ne a mayar wa fasinja kuɗinsa idan ya ƙi karɓar madadin da aka ba shi.

Watannin Mayu da Satumba da farkon Oktoba sun fi daɗin yanayi. Kuɗin jirgi da na masauki kuwa kan yi tashin gwauron zabo a makon bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, da lokacin Kirsimeti, da kuma ƙarshen makon da ake gasar gudun yada ƙanin wani ta birnin a watan Oktoba.

Agogon Chicago yana bayan na Najeriya da Nijar da awoyi bakwai a lokacin sanyi, amma daga Lahadi ta biyu ta watan Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba ratar kan koma awoyi shida.

Daga fili zuwa gari

Tun 1984 jirgin ƙasa na birni yake shiga har cikin O'Hare. Shi ne layin shuɗi, Blue Line a jikin alluna, kuma tasharsa tana ƙarƙashin ƙasa a tsakanin zaure na 1 da na 2 da na 3. Wanda ya sauka a zaure na 5 sai ya fara hawa ƙaramin jirgin kyauta tukuna.

Layin yana aiki dare da rana, yana kaiwa tsakiyar birni cikin kimanin minti 45, kuma a 2025 kuɗinsa daga filin dala 5 ne.

Tasi ko motocin Uber da Lyft kan ci dala 40 ko fiye, ban da tukuicin direba na kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, wanda a Amurka kusan wajibi ne. Idan hanya a sake take, rabin awa ta isa. Amma da safe da kuma yamma babbar hanyar Kennedy kan cushe har tafiyar ta wuce awa guda, kuma da yake dogon yana bi ta tsakiyar hanyar ne, mai zaune a tasi yana kallo jirgi zai wuce shi.

Duk da haka jirgin bai dace da kowa ba. Ba dukkan tashoshi ke da lif ba, kuma mai iyali da manyan jakunkuna huɗu, ko wanda ya iso tsakar dare cikin hunturu, gara ya biya kuɗin tasi. Sai dai ya bi layin tasi na hukuma a waje, ya rabu da masu tarar fasinja a cikin zaure suna tayin mota.

Daga Midway layin ruwan lemo ne, Orange Line, wanda aka buɗe a 1993. Yana ɗaukar kimanin minti 25, amma a 2025 ba ya aiki a tsakiyar dare.

Birnin da ake karantawa da lissafi

Akan ce baƙo ko da ido makaho ne, amma tsarin titunan Chicago ya rage wannan makanta matuƙa.

Abu na farko shi ne tafkin kullum yana gabas. Na biyu, birnin shimfiɗe yake babu tudu babu kwari, kuma titunansa sun miƙe ne daga arewa zuwa kudu, da gabas zuwa yamma, kamar saƙar tabarma.

Tun 1909 ake ƙirga lambobin gidaje daga wuri ɗaya, watau mahaɗar titin State da titin Madison a tsakiyar birni. Madison ya raba arewa da kudu, State ya raba gabas da yamma. Kowace lamba 800 daidai take da mil ɗaya, ko kilomita 1.6, kuma a kowane mil akwai babban titi.

Idan aka nufi arewa, titin Chicago yana kan 800, North kan 1600, Fullerton kan 2400, Belmont kan 3200, haka dai har zuwa Devon da ke kan 6400. Ta yamma kuwa Halsted yana kan 800, Ashland kan 1600, Western kan 2400.

Ke nan wanda aka ce ya je mahaɗar Devon da Western, ba sai ya buɗe taswira ba zai san cewa wurin yana mil takwas arewa da tsakiyar birni, mil uku kuma yamma. A kudu abin ya fi sauƙi ma, domin akasarin titunan lambobi ne sunayensu: na 35, na 63, na 95. Sai dai mil ukun farko na kudu ba su bi lissafin 800 daidai ba.

Harafin da ke gaban sunan titi ba ado ba ne. Lamba 1200 a State ta arewa da lamba 1200 a State ta kudu, akwai kimanin kilomita huɗu a tsakaninsu. A galibin arewacin birnin kuma babu adireshin gabas kwata-kwata, domin ruwa ne a wurin.

'Yan titunan da suka karkace, irin su Milwaukee da Archer da Clark, wasunsu sun bi sawun tsofaffin hanyoyin ƙafa na 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka girmi birnin.

Wannan tsari yana da amfani ga mai neman alƙibla. Mutane da yawa kan zaci daga Amurka kudu maso gabas ake fuskanta, saboda yadda shimfiɗaɗɗiyar taswira ke nunawa. Amma da yake duniya a dunƙule take, hanya mafi kusa zuwa Makka daga Chicago tana arewa maso gabas ne, kimanin digiri 49 daga arewa. Wanda ya san inda tafki yake, ya fuskance shi, sai ya karkata hagu kusan rabin hanya zuwa arewa.

Jiragen da ke bi ta saman titi

Mazauna birnin na kiran jirginsu L, saboda yawancin dogon a kan gadojin ƙarfe yake, sama da tituna. Ya fara aiki a 1892, kuma a 1897 aka kammala zoben dogon da ya kewaye tsakiyar birni, wanda ake kira Loop, sunan da unguwar kanta ke amsawa.

Layukan takwas ne, kowanne da launinsa. Biyar suna hawa zoben, ja da shuɗi kuma suna ratsa tsakiyar birni ta ƙarƙashin ƙasa, suna kuma aiki awoyi 24.

Alluna suna nuna tashar ƙarshe ne. A layin ja, Howard yana nufin arewa, 95th kuma kudu. Haka kuma da yake sunayen tashoshi na tituna ne, suna maimaituwa: tashoshi biyar ne ke amsa sunan Western, biyu daga cikinsu a kan layin shuɗi. Don haka faɗin sunan tasha ba tare da launin layi ba rabin kwatance ne.

Ana biya da katin Ventra, wanda aka shigo da shi a 2013, ko da katin banki da ake ɗorawa a kan na'ura, ko da wayar salula. A 2025 hawan jirgi dala 2.50 ne, bas dala 2.25, tikitin yini guda dala 5, na kwana uku dala 15, na mako kuma dala 20. Direban bas ba ya ba da canji.

Raunin tsarin shi ne duk layukan tsakiyar birni suka nufa, kamar wayoyin ƙafar keke. Mai son zuwa daga wata unguwar arewa zuwa wata a yamma, bas ya fi masa, kuma da yake kusan kowane babban titi yana da bas ɗinsa da ke miƙewa a kansa, lissafin titunan nan shi ne lissafin bas ma.

A lokacin sanyi akwai fitilun ɗumama jiki a dandamalin tashoshin sama, waɗanda ake kunnawa da maɓalli. A tsakiyar birni kuma akwai hanyoyin ƙafa na ƙarƙashin ƙasa da ake kira Pedway, masu haɗa gine-gine da tashoshi.

Garuruwan kewaye jiragen Metra ne ke zuwa, masu layuka 11 da tikitinsu daban. Tashar Union kuwa ita ce babbar mahaɗar jiragen Amtrak masu dogon zango.

Hayar mota ga wanda harkarsa ba ta wuce cikin birni ba ɗaukar wa kai nauyi ne. A 2008 hukumar birnin ta jinginar da mitocin ajiye motoci ga 'yan kasuwa na tsawon shekaru 75 a kan dala biliyan 1 da miliyan 150, kuma tun daga lokacin kuɗin ajiye mota ya ninka. Wasu titunan tsakiyar birni, kamar Wacker, hawa-hawa ne, kuma a hawan ƙasa na'urar nuna hanya kan rikice. Bugu da ƙari, daga 1 ga Disamba zuwa 1 ga Afrilu an haramta ajiye mota a wasu manyan tituna daga ƙarfe 3 zuwa 7 na safe, ko an yi dusar ƙanƙara ko ba a yi ba, kuma janye motar ake yi.

Sallah, abinci da littattafan Kano

Chicago da kewayenta na da ɗimbin Musulmi, kuma baƙo ba zai sha wahalar samun masallaci ko abincin halal ba.

A O'Hare akwai ɗakin ibada na mabiya addinai daban-daban a hawan sama na zaure na 2. A tsakiyar birni akwai masallacin Downtown Islamic Center a titin State. Titin Devon cike yake da gidajen abinci da mahautan 'yan Pakistan da Indiya, garin Bridgeview da ke kudu maso yamma kuma matattarar Falasɗinawa ce. 'Yan Najeriya da Ghana sun fi yawa a unguwannin Uptown da Edgewater da Rogers Park, duk a kan layin ja.

Lokutan sallah na sauyawa fiye da yadda aka saba a gida. A watan Disamba rana kan faɗi tun kafin ƙarfe 4 da rabi, a watan Yuni kuwa sai wajen 8 da rabi, yinin ya haura awoyi 15.

Ga malamai da ɗalibai, akwai wani dalili na musamman na bin layin ja har ƙarshensa a Howard, a sauya zuwa layin shunayya mai zuwa Evanston. A can Jami'ar Northwestern take, wadda laburarenta na Herskovits, da aka kafa a 1954, yake adana littattafan Malam Umar Falke, wani malami kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962. Rubuce-rubucen sun haura 3,000, na Larabci da na Ajami. Daga O'Hare akwai bas da ke bin titin Dempster kai tsaye zuwa Evanston, wanda ya fi shiga tsakiyar birni a sake fitowa.

Batun tsaro da ranar komawa

Chicago ta yi ƙaurin suna wajen harbe-harbe. An kashe mutane kusan 800 a birnin a 2021, adadin da ya sauka ƙasa da 600 a 2024. Kisan ya fi taruwa ne a wasu unguwannin kudu da yamma da talauci ya yi wa katutu, sakamakon shekaru da dama na wariyar launin fata wajen gidaje da ayyuka.

Amma yi wa kudancin birnin kuɗin goro kuskure ne, domin a can Jami'ar Chicago take, a can kuma Barack Obama ya fara siyasa. Abin da baƙo ya fi cin karo da shi shi ne fizgen waya da yankan aljihu. Da dare, taragon farko, inda direba yake, ya fi kwanciyar hankali.

Ranar komawa tana da nata ruɗanin. Duk da cewa a zaure na 5 aka sauka, ba lalle daga nan za a tashi ba. Jiragen United da American masu fita ƙetare daga zaure na 1 da na 3 suke tashi, haka ma wasu abokan hulɗarsu kamar Lufthansa. Abin dubawa shi ne sunan kamfanin da ke tuƙa jirgin, wanda kan bambanta da wanda ya sayar da tikitin.

Ana so matafiyi ya isa fili awoyi uku kafin tashi, mai zuwa zaure na 5 ta jirgin ƙasa kuma ya ƙara minti 15 na sauyawa zuwa ƙaramin jirgin. Kuɗin nan na dala 5 ga masu fitowa daga O'Hare kaɗai yake: mai komawa filin kuɗin hawa na yau da kullum zai biya.